Kuben libarbar da muka tsinta a adakar Kaka

Daminar bara ce ruwa ya cinye katangar ɗakin Kaka ta baya, a gidanmu na cikin birnin Zariya wajen Ƙofar Doka, aka ce dole a kwashe kayan ciki kafin ginin ya rufto a kan wani. Ɗakin nan tun rasuwarshi ba mai kwana ciki sai ɓeraye da tarkacen mata. Ni da ƙanena muka jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado, kwaɗon ma da guduma muka fasa shi don ba wanda ya san inda makulli yake. Muna buɗewa warin kafur da ƙura suka bugo mu. Akwai tsohon bargo, da jar dara wadda asu ya gama da ita, da lambar yabo mai siffar tauraro mai tsini shida da ƙyallenta ja da shuɗi da ruwan goro, wato ta waɗanda suka je yaƙin Bama, sai kuma can ƙasa a nannaɗe cikin bargon wani kube na fata mai kauri, ruwan ƙasa ne amma tsufa ya mai da shi kusan baƙi, da marfi da wani ɗan maɓallin tagulla da ya yi kore. Gidan ƙaramar bindiga ne. Kafin wani ya ɗaga waya ya kira mana hukuma, wayam yake, ba komai ciki.

Baffa na ganinshi ya tafa hannu ya ce ai shi ne! Wai wannan shi ne gidan fistol ɗin da Kaka ya ƙwace a hannun wani hafsan Japan a daji, suka yi kokawa har ya kada shi, bindigar Turawa suka karɓe a jirgin ruwa suka bar mishi kuben. Labarin nan tun muna yara muke jinshi, kuma duk shekara hafsan Japan ɗin ƙara tsawo yake. Na ce Baffa bari dai in bincika mu gani. Ya ce kai dai ɗan boko ne, komai sai ka yi mishi bin diddigi.

Kuskuren farko da na yi, na samo man kaɗanya na lafta wa fatar wai don ta yi laushi. Na biyu, na ɗauki hoto da waya na sa a intanet ta nemo mun irinshi, ta kawo mun tarkace iri-iri, na Jamus, na Amurka, har da jakar kamfas da gidan almakashi. Kwana biyu ina wannan shirme kaina ya ɗau zafi, sai mahaifiyata ta ce wai kai abin fata ne fa, ga dukawa nan a kasuwa ka tsaya kana tambayar waya?

Na kai wa wani dattijon baduku a kasuwar birni, irin waɗanda suke ɗinka kuben takobi da kayan doki na hawan Sallah. Yana karɓa ya shinshina ya dube ni ya ce wa ya shafa mishi mai? Na ce ni ne Baba. Ya ce to ka kusa binne abin da kake nema, tsohuwar fata busasshen tsumma take so da haƙuri, man nan shi ke cike rubutun da aka buga a jiki ya kuma sa ta ƙara duhu. Ya sa yaronshi ya goge a hankali. Daga nan ya fara karanta mun kuben kamar mai karanta allo. Ya ce kirgin saniya ne, kuma ba jimar nan ba ce, tamu ta bagaruwa ko makaho ya taɓa ya san ta. Ya nuna mun ɗinkin da bakin basilla, ya ce dubi tazarar, ko ɗaya bai fi ɗaya ba, wannan aikin masu sirdin Turawa ne. Sai ya ɗaga marfin ya ce in kunna tocilar waya, amma kar in haska kai tsaye, in kwantar da hasken ta gefe. Wallahi sai ga rubutu ya taso kamar an kira shi. Sunan mai ɗinkin ya goge, amma LONDON ta fito, a ƙarƙashinta kuma 1917.

Nan fa ɗaya. Kaka dai ko haihuwarshi ba a yi ba a 1917. Yaƙin da ake yi a lokacin shi ne na duniya na farko, wanda sojojinmu suka yi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916 sannan aka kwashe su zuwa gabashin Afirka. Shi kuwa nashi yaƙin na Hitila ne, ya bi ta Daffo ta nan Zariya kamar kowane kurtu, wadda tun 1924 take horar da sojoji, kuma a 1944 yana Bama.

Badukun bai gama ba. Ya tura yatsu huɗu ciki yana shafawa ido a rufe, ya ce abin da ya zauna a nan mai ciki ne kamar tulu, ba shafaffe ba ne. Ya kama hannuna ya sa a wurin, na ji kuwa fatar ta kumbura ta yi santsi a gefe biyu daidai wuri ɗaya. Wannan kalma tashi ita ta raba mun gardama gida biyu, don ƙananan bindigogin soja na wancan zamani iri biyu ne. Akwai libarba, mai ɗan gangan nan da yake juyawa da harsashi shida, shi ke sa ta yi ciki. Akwai kuma fistol shafaffiya wadda harsasanta ke cikin magazin a cikin mariƙi, ita kubenta a shafe yake kuma galibi za ka ga an ɗinka mishi ɗan aljihu na ajiye magazin na biyu. Namu ba aljihu, abin da yake da shi wani siririn kwararo ne a gefe, wanda daga baya na gane na sandar goge bututu ne.

To da wannan na koma intanet, yanzu na san abin da nake tambaya. Fistol ɗin da hafsoshin Japan suka fi riƙewa ita ce Nambu, samfurin da ake kira 14, mai harsashi 8, shafaffiya ce, kuma kubenta ba ya ɓuya, marfinshi tauri gare shi a dunƙule kamar ƙoƙon bayan kunkuru, ga aljihun harsasai a ƙarƙashin marfin ga zobba a baya na rataya a kafaɗa. Ko kusa ba su yi kama da namu ba. Na duba Beretta ta 1934 ta Italiya, don sojojinmu sun yi yaƙi da Italiyawa a Somaliya da Habasha a 1941 kuma irin waɗannan ganima suna yawo hannu zuwa hannu a bariki, amma ita 'yar mitsitsiya ce, tsawonta duka inci 6, da an jefa ta a kuben nan sai an sa hannu an lalubo ta. Browning mai harsashi 13 da aka riƙa ƙerawa a Kanada daga 1944 ita ma shafaffiya ce. Duk na soke su. Saura libarbar Ingila.

Wani abu kuma, kayan da gwamnatin Ingila ta raba wa soja ana buga musu wata alama kamar kan kibiya, layi uku da suka haɗu a sama, wasu na cewa sawun kaza. Na juya kuben nan ciki da bai da tocila ban ga kibiya ba. Ashe hafsoshinsu a wancan lokaci da kuɗinsu suke sayen kayan jikinsu, ɗamara da kube har da bindigar kanta, a shagunan Landan, shi ya sa sai ka ga sunan shago da shekara kawai. Kenan kuben hafsa ne, irin wanda ake ratayawa a ɗamarar nan ta fata mai igiya ɗaya da ta ratsa ƙirji, wadda suke kira Sam Browne.

Sai awo. Na aro tef ɗin tela a wurin matar yayana. Daga waje, tun daga saman marfi zuwa ƙasan kuben, ya ɗan haura inci 11. Na duba jerin libarbar Webley: Mark 4 ta 1899 da Mark 5 ta 1913 duk bututunsu na yau da kullum inci 4 ne, sun yi gajarta. Mark 6 wadda sojan Ingila suka ɗauka a 1915 ita ce mai bututu inci 6, tsawonta gaba ɗaya inci 11 da kwata, nauyinta ya ɗan wuce kilo 1, harsashinta .455, ƙato ne, faɗinshi ya haura milimita 11. Shekara ta yi daidai, tsawo ya yi daidai, na ce alhamdulillahi abin nema ya samu. Har na fara rubuta wa 'yan gidanmu saƙo a WhatsApp.

Allah ya sa ban tura ba. Na ce bari in auna ta ciki ma don in cika aiki, na zura tsinken tsintsiya har ya tsaya na sa alama da farce na fitar na ɗora a tef. Ya gaza na waje da inci ɗaya da ɗan wani abu. Na ce ko kaurin fata ne, amma wace fata ce mai kaurin inci guda? Na sake, haka. Na lanƙwasa bakin wayar hanga na tura na murɗa, sai na ji ta kama abu mai laushi, na jawo a hankali zuciyata na dukan uku-uku don na ɗauka laya ce ko kuɗi. Ashe wani tsumma ne a cukuikuye, an danna shi ya daskare kamar dutse, ya sha mai ya yi baƙi, da na warware shi a kan tabarma sai ga fararen wurare da jan layi siriri yana ratsa shi a tazara ɗaya. Kuma a saman dunƙulen, inda ya kalli sama, akwai zagayen shaida kamar an danna bakin kwalba.

Wato wani ya cusa tsumma don ya rage zurfin kuben. Wa zai yi haka in ba wanda bindigarshi ta gaza kuben tsawo ba? Sai na tuna badukun ya nuna mun tsaga biyu a harshen marfin inda yake shiga maɓalli, ta farko mai tsabta da ɗan zagayen huji a ƙarshenta, ta biyun kuma a karkace, ya ce wannan da wuƙa aka yi ta kuma ba baduku ba ne ya yi. A lokacin ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Libarbar da ta gaji Webley Mark 6 ita ce Enfield lamba 2, ƙirar masana'antar gwamnati, an ɗauke ta a 1932, harsashi .38, bututu inci 5, tsawo inci 10 da kwata. Inci ɗaya cif tsakaninsu, daidai kaurin tsumman nan. Dalilin canjin wai .455 ta yi wa sabon soja nauyi da harbin baya, ana son wadda za a koya da wuri. Akwai kuma 'yar uwarta Webley Mark 4 mai .38, kusan a tagwaye suke, har kamfanin Webley ya kai ƙarar gwamnati cewa zanenshi aka kwafa, daga baya aka ba shi fam 1,250 na rarrashi, sannan da yaƙi ya yi zafi Enfield ta kasa wadatar da sojoji aka dawo ana sayen tashi. Duniya kenan.

Amma lissafi a takarda daban, gani ya kori ji. Matsalar ita ce ba inda zan samu bindigar in gwada, kuma ba na ma nema, don a dokar makamai ta 1959 libarba da fistol suna cikin haramtattun makamai, lasisinsu sai daga shugaban ƙasa. Sai na yi dabara, na samo hotunansu na gefe na kai wani shagon kwamfuta a Samaru a buga mun a ainihin girmansu. Karon farko yaron ya matse hoton ya shige A4, na ɗora rula na ga Webley ta koma inci 9. Na ce a'a malam, ga tsawon da nake so, ya ce oga wai me za ka yi da shi ne? Na ce aikin makaranta. A A3 dai aka samu ya fito daidai bayan an ɓata takarda huɗu. Na manna a kwali na yanke, amma kwali a shafe yake, ba ya nuna cikin nan da ake magana, dole sai katako.

Kafintan unguwarmu na nuna mishi ya ja da baya ya ce wallahi ba da shi ba, yana da iyali. Kuma gaskiyarshi, a zamanin nan a kama ka da bindigar katako a Kwangila ka tsaya kana bayanin tarihi? Da ƙyar muka daidaita, ya yanka mun guntaye daban-daban, sanda mai tsawon bututu, da dunƙule kamar turmin yara na gangan, da mariƙi, ba kunama ba fenti, in haɗa abina a gida da gam. A buhun masara na ɗauko su.

Na fara da babbar, ba tsumma a ciki. Ta shige suluf kamar an zuba ruwa a tulu, gangan ya zauna daidai inda fatar ta kumbura, marfi ya rufe a tsagar farko ba ja ba matsi. Na mayar da tsumman na sake sa ta, sai ta tsaya a sama marfi ya ƙi kaiwa. Na sa ƙaramar ba tsumma, ta nutse tana kwaram-kwaram in na girgiza. Na sa tsumman na sa ta, ta zauna daram, amma sai a tsaga ta biyu marfin ya kama ta sosai. Na shafa alli a jikin gangan na sa na fitar na leƙa da tocila, allin ya kwanta a kan wani siririn santsi da yake tsakiyar babban kumburin, wanda da can ban lura da shi ba sam. Bindiga biyu kenan suka zauna a gida ɗaya, wadda aka ɗinka shi dominta da wadda ta zo ta yi haya daga baya.

Tsumman na kai wa wani tsohon samanja da muke sallar Juma'a tare, yana zaune ta wajen Sabon Gari, ya shiga soja tun kafin yaƙin basasa. Yana gani ya fashe da dariya ya ce yaro ina ka samo fobaitu? Na ce ranka ya daɗe mene ne fobaitu? Ya ce ƙyallen goge bututun bindiga ne, a nannaɗe yake zuwa faɗinshi inci 4, jan layin nan kuma duk bayan inci 2 ne, nan ake yagewa a ba kowa, ka ɓatar da naka ka sha gwale-gwale. Ya karɓi kuben ya juya marfin ya nuna mun wani ɗan rami da ya lotsa ta ciki, ya ce wannan ƙahon kunamar baya ce ta babbar, wadda ake ja da babban yatsa. Ya ce to nemo mun na ƙaramar. Na duba inda ya kamata ya kasance bisa katakona, fata lafiya lau ba ko ƙwarzane. Ya ce to gundumemiya ce. Daga 1938 an riƙa yin Enfield ba ƙahon nan, don yana maƙale wa masu tankar yaƙi a jikin ƙarfe, kuma irinta aka fi ƙerawa lokacin yaƙin. Ita Webley mai .38 da ƙahonta take, haka ma Smith & Wesson da Amurka ta riƙa aiko musu.

Ya ƙara mun da wata da ta ƙarasa kashe labarin Baffa. Ya ce kuben fata ba ya zuwa dajin Bama ya dawo haka, ruwa da laima za su ruɓar da shi cikin 'yan watanni, a can kayan zaren tamfol ake ɗaurawa, samfurin 1937, wanda ake shafa wa hoda. Fata ta fareti ce da zaman bariki. Kuma baƙin soja a lokacin doguwar bindiga yake riƙewa da adda, libarba ta hafsa ce sai ɗaiɗaikun masu aiki na musamman. Muka daɗe yana ba ni labarin barikin Chindit na nan Zariya, cewa sunan daga rundunar Janar Wingate ne da aka sauke da jirage a bayan layin Japan a 1944, wadda bataliyoyin Najeriya uku suke ciki, ta 6 da ta 7 da ta 12, kalmar kuma daga gunkin zakin nan ne da yake gadin ƙofar wuraren ibadar mutanen Bama. Kullum muna wucewa ta gaban barikin nan a adaidaita, ban taɓa tambaya ba.

Ranar Asabar na tara su a tsakar gida na baje kayana a tabarma, kube da tsumma da katakai biyu da tef, na yi ta zuba bayani kamar mai kare digiri a ABU. Baffa ya yi shiru yana taunar goro. Goggo, babbar 'yar Kaka, tana gefe tana tsince shinkafa ko ɗago kai ba ta yi ba, sai da na gama ta ce duk wannan wahalar ta mece ce? Ai na Baturen nan ne da Malam ya yi wa odale, wato sojan da ke yi mishi hidima, shi ya ba shi da adakar gaba ɗaya ranar da za su rabu, ya ce kuben na ubanshi ne. Ta ce ita da idonta ta ga Malam yana ajiye askarshi da dutsen wasa wuƙa a ciki shekara da shekaru.

Na ce haba Goggo, wata biyu ina yawo tsakanin kasuwa da Samaru da Sabon Gari, me ya sa ba ki faɗa ba? Ta ce ka tambaye ni?

Baffa ya tofar da tukar goro ya gyara hula ya ce to shi Baturen, wa ya cece shi daga hannun hafsan Japan ɗin har ya yi wannan kyauta? Ba wanda ya tanka mishi. Katakan nan biyu kuwa Goggo ta ce ba za su kwana mata a gida ba, a murhu suka ƙare a ƙarƙashin tukunyar tuwon dare.